Ciwon Baya, Wuya da Targaɗe: Kurakuran Masu Aiki a Gida da 'Yan Ƙwallon Ƙarshen Mako a Katsina

A Katsina yanzu mutane da yawa falo ko ɗakin kwana ne ofishinsu. Akwai mai haɗa wa ƙungiya rahoto a kwamfuta, akwai ɗalibar jami'ar Umaru Musa da ke fama da furojet, akwai uwargidan da ke sayar da atamfa da turare ta WhatsApp, kai a sunkuye kan waya tun hantsi. Tela da mai ɗinkin hula da mai kitso kuwa dama can a gida suke sana'arsu. Da yawa cikin mazan su ne za ka tarar ranar Asabar da sassafe a filin unguwa ko wajen filin wasa na Karkanda, ana so a rama motsa jikin mako guda cikin awa biyu. Jiki ba ya son ko ɗaya: ba ya son a ajiye shi wuri ɗaya, ba ya kuma son a yi masa dirar mikiya da aiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum miliyan 619 ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma a kusan kashi 90 cikin 100 ba a samun wata takamaimiyar cuta da za a ce ita ce. Yawanci yakan lafa cikin mako shida. Abin da ke mayar da shi ɗan gida shi ne abubuwan da muke yi da sunan magani.

Zaman da ba a tashi

Mutane na tambaya wace irin kujera za su saya. Kujera na da amfani, amma tsawon zaman ya fi yanayin zaman illa. Mu nan kuma wuta ce ke tsara mana aiki: da an kawo ta sai a duƙufa, ba ɗagowa, don ba a san lokacin da za a ɗauke ba. Tela ya hau keke awa huɗu, mai kwamfuta ya ce bari ya ƙarasa kafin caji ya mutu. Salla na taimakawa wajen katse zaman, sai dai daga ƙarfe takwas na safe zuwa azahar tazara ce mai tsawo, kuma a nan ake yin ɓarnar.

Gyaran ba ya cin ko kwabo. Duk bayan minti 30 zuwa 40 ka miƙe tsaye na minti biyu, ka dafa ƙugu ka ɗan gantsare, ka juya kafaɗu baya, ka zaga tsakar gida. Amsa waya a tsaye. Ajiye ruwan sha nesa da kai yadda sai ka tashi.

Sai batun kwamfutar cinya. Sunan ne ya cuce mu. Wanda ya harɗe a katifa ko tabarma ya ɗora ta a cinya, wuyansa da allon kafaɗarsa ne ke riƙe nauyin kansa a sunkuye, shi ya sa da yamma ƙeya ke ɗaurewa, kai ya ɗauki ciwo. A samu tebur. A tara littattafai ko kwali a ƙarƙashin kwamfutar har saman fuskarta ya zo daidai ido, da tazarar kamar tsawon hannu, sannan a sayi kibod da maus na daban don kada kafaɗu su ɗage. Gwiwar hannu ta kwanta kusa da jiki, tafin ƙafa ya taka ƙasa sosai, a naɗe tawul a sa a lanƙwasar baya. Mai sana'ar waya ta ɗago wayar zuwa fuska, kada ta kai fuskar wurin wayar. Mai kitso da ke kan kujerar tsugunno ta nemi wadda ta fi tsayi, wadda ake yi wa ta zauna ƙasa.

"Kwanta ka huta"

Wannan ita ce shawarar da kowa ke bayarwa da kyakkyawar niyya, kuma ita ce ta fi jinkirta sauƙi. Idan baya ya riƙe, kwanciyar yini ɗaya ko biyu ba laifi, amma wanda ya shafe mako a gado zai tashi da jiki a sanƙare, naman ya saki, ga tsoron motsi ya shige shi. Ci gaba da 'yan hidimomi gwargwadon abin da za ka iya, ka riƙa tafiya kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana. Ɗan ciwon da ake ji ana motsi ba ya nufin wani abu na ɓallewa a ciki. Gashi da tsumma mai ɗumi na sassauta naman da ya ɗaure. Idan ruku'u da sujada sun gagara na 'yan kwanaki, addini ya yi rangwame a yi a zaune, amma kujerar ta zama ta wucin gadi.

Bel ɗin ɗaure ƙugu da ake yawo da shi ana talla, ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 kan daɗaɗɗen ciwon baya ba ta goyi bayan amfani da shi ba. Motsa jiki ta sa a gaba.

"Malam, haɗa min na ciwon jiki"

Nan ne na fi jin tsoro. A je kemis a faɗi wannan kalma, a ƙullo wa mutum ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, ba suna ba kwali. Sau da yawa a ciki akwai ibuprofen da diclofenac ko piroxicam, waɗanda duk dangi ɗaya ne. Haɗa biyu ba ya ninka sauƙi, illar yake ninkawa: gyambon ciki, zubar jini a ciki, hawan jini, da lahani ga ƙoda. Haɗarin ƙodar ya fi yawa ga wanda jikinsa ba ruwa, kamar ɗan ƙwallon da ya sha rana a watan Afrilu ko mai azumi. Wani lokaci kuma akan jefa dexamethasone ko prednisolone. Mutum zai ji wasai kashegari, har ya yi ta sa wa mai kemis albarka, amma shan su na watanni na kumbura fuska, ya ta da suga, ya rage ƙarfin ƙashi, har ya kan kashe kan ƙashin cinya inda ya shiga kwatangwalo. Tiramol kuwa kowa a garin nan ya ga abin da ya yi wa samari, kuma wasunsu da ciwon jiki suka fara.

Ka tambayi sunan kowace ƙwaya. Ɗaya tak daga dangin su ibuprofen, bayan an ci abinci, na kwanaki kaɗan. Mai olsa, mai ciwon ƙoda ko zuciya, mai hawan jini da mai juna biyu kada su sha sai likita ya ce. Farasitamol mai miligiram 500, babba kada ya wuce ƙwaya 8 a awa 24, a kuma lura cewa magungunan mura da yawa suna ɗauke da shi. Ga gwiwa ko idon sawu, diclofenac na shafawa ya fi na sha sauƙin illa.

Kusa da wannan akwai ɗora komai a kan basir da sanyi. Basir a dubura yake, ba shi ke riƙe bayan mai zaman keke ba, kuma jarkokin jiƙon da ake sha ana ta zawo ba abin da suke ƙarawa sai rashin ruwa a jiki. A ɗaya gefen akwai 'yan bokon da suka ƙi yarda sai an yi musu hoto. Hoton na iya nuna faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya ɗan turo, hankali ya tashi, alhali ana ganin haka a kusan mutum 3 cikin 10 na 'yan shekara 20 da ba abin da ke damunsu, kuma yana ƙaruwa da shekaru. Likita ne zai ce ko hoton zai canza wani abu.

A filin ƙwallo

Mai shekara 40 da ya zauna daga Litinin zuwa Juma'a yakan sauka daga mashin, ya ɗaure takalmi, ya faɗa fili ba shiri. Naman bayan cinya, sharaɓa da agara su ne ke biyan kuɗin. Tsinkewar agara ma irin waɗannan 'yan wasan ƙarshen mako ta fi samu, mutum ya ji kamar an harbe shi ta baya, ya waiwaya ba kowa. Minti 10 zuwa 15 na sassarfa, tsalle-tsalle da gudun gefe kafin a fara sun wadatar. FIFA na da tsarin ɗumama jiki na minti 20 mai suna 11+, wanda aka nuna yana rage raunuka da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma ba ya buƙatar komai sai ƙwallo. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da kwana biyu na ƙarfafa jiki. A raba su cikin mako. Takalmi mai dogon ƙusa na ciyawa ne, a busasshen fili mai tsakuwa murɗe gwiwa yake yi.

Da an yi targaɗe kuwa, sai abokai su taru: wani ya kama ƙafar ya ja, wani ya murza da man zafi, a gida kuma a gasa da ruwan zafi. Duk ukun ƙara kumburi suke yi, domin a kwana biyu zuwa ukun farko wurin yana zubar da jini ta ciki. Abin yi shi ne a fita daga wasan nan take, a naɗe ƙanƙara ko daskararren fiya wata a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, a ɗaure da bandeji ba tamau ba, a ɗaga ƙafar kan filo. Mai sikila kada ya sa ƙanƙara, sanyi na ta da masa ciwo. Bayan kwana biyu ko uku a fara takawa da juya ƙafar a hankali.

Idan mutum ya kasa yin taku huɗu, ko taɓa ƙashin idon sawun kansa na sa shi ihu, ko gaɓar ta karkace, hoto ake fara yi. Masu ɗori suna da daɗaɗɗen matsayi a wurinmu, kuma mutane ba za su daina zuwa ba, amma hannu ba ya ganin tsagewar ƙashi ko tsinkewar jijiyar gwiwa. Ɗaurin kara da ya matse na iya tsayar da jini har a rasa gaɓar. Yatsu suka yi sanyi, suka canza launi, suka daina jin taɓi, ko ciwo ya riƙa ƙaruwa a ƙarƙashin ɗaurin, a kwance shi a tafi asibiti a daren, kada a jira ranar da aka ce a dawo.

Kuskuren ƙarshe a nan shi ne komawa fili don kawai ciwo ya tafi. Idon sawun da bai yi ƙwari ba sake gocewa yake yi. Gwada tsayuwa a kan ƙafar ita kaɗai na daƙiƙa 30, sannan tsalle a kanta, sannan gudu da juyawa. Wanda ya kasa waɗannan bai isa buga wasa ba, ko da 'yan unguwa sun ce ba su da mai tsaron baya.

Ciwon da ba a jira da shi

Ƙafa ta fara rauni ko ana janta, tsakanin cinyoyi ya daina jin taɓi, fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba a sani ba: wannan na gaggawa ne, a ranar ake zuwa asibiti, don jijiyoyin ƙasan laka ne aka danne. Ciwon baya da zazzaɓi, gumin dare da rama na iya zama tarin fuka da ya shiga ƙashin baya. Wuya ya ƙage da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, musamman lokacin zafi, a fara tunanin sanƙarau. Ciwon kafaɗa ko hannun hagu da nauyin ƙirji ana cikin wasa na iya zama zuciya. Mai sikila da ke jin ciwon kwatangwalo yana ɗingishi, shi ma a duba shi da wuri.

Ciwon da ba shi da waɗannan alamomi amma ya haura mako shida, a nemi sashen gashin ƙashi. A Katsina da kewaye akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Janar Amadi Rimi da ke Batagarawa, mutanen Daura su fara da babban asibitin garin, abin da ya fi ƙarfin nan kuma akan tura shi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. A tafi da ledar magungunan da aka sha, har da haɗin kemis da jiƙo, a nuna wa likita.