Yadda ake zaɓen wayar azurfa don haɗa kebul ɗin hedifon da hannu

A jikin hedifon, kebul ne yake fara mutuwa. Ko ya tsinke ta ciki a gindin fulogi kunne ɗaya ya ɗauke, ko robarsa ta bushe ta yi tauri. Wanda ya iya riƙe ƙarfen liƙi ba sai ya jefar da hedifon mai kyau ba, zai iya haɗa sabon kebul da kansa. Da yawa in sun kai nan sai ransu ya biya da azurfa. Babu laifi a ciki, amma ina so ka saye ta ido buɗe, domin kaurin waya da yadda aka tufka ta da rigar da aka sa mata sun fi tsarkin ƙarfen tasiri nesa ba kusa ba.

Fara da sanin abin da azurfa za ta ba ka. Gaskiya ne duk cikin ƙarafa babu wanda ya kai ta sauƙin wuce da lantarki, sai dai ratar da ke tsakaninta da jan ƙarfe ba ta wuce kashi 6 cikin 100 ba. Mu buga lissafi. Kebul mai tsawon mita 1.2, wuta za ta je ta dawo, ke nan ta bi waya mita 2.4. Idan wayar jan ƙarfe ce mai kauri lamba 26 (za mu zo kan lambobin kauri a gaba), turjiyarta, wato yadda take tare wa wuta hanya, wadda ake aunawa da om, wajen om 0.32 ce. Idan azurfa ce mai kauri iri ɗaya, wajen om 0.30. Bambancin om 0.02 ke nan, a gaban hedifon mai om 32, ko mai om 300 irin Sennheiser HD 600. Masu cewa azurfa tana ƙara wa sauti haske suna da yawa, kuma kunnen kowa nasa ne, amma awo bai nuna ƙarfen da kansa yana yin hakan ba. Saboda haka ka zaɓe ta don kyanta, don sauƙin kama dalma, don jin daɗin riƙe abin da hannunka ya yi. Waɗannan dalilai sun isa.

Mataki na biyu, ka tabbatar da irin ƙarfen da ake sayar maka, don ba duk farar waya ce azurfa ba. Akwai zalla, wadda ake rubuta wa 999 ko 4N, wato kashi 99.9 ko 99.99 cikin 100. Akwai ta maƙeran kayan ado mai lamba 925, wadda aka gauraya da jan ƙarfe kashi 7.5 don ta yi ƙarfi. Wannan gauraye yana cinye ɗan fifikon da azurfa take da shi, kuma wayar tana da tauri, ka bar ta. Akwai jan ƙarfe da aka shafa wa azurfa a bayansa, ana rubuta shi SPC, shi ne ya fi yawa a kasuwa, kuma waya ce mai kyau matuƙar an faɗa maka gaskiyar abin da take. Sai jan ƙarfen da aka shafa wa kuza, wanda ido kan ɗauka azurfa ce. Na ƙarshe shi ne wanda ake kira azurfar Jamus: jan ƙarfe ne da nikel da zink, ko ƙwayar azurfa babu a cikinsa, kuma turjiyarsa tana da yawa ƙwarai.

Gwajin mai sauƙi ne. Ka yanke bakin wayar da kaifin almakashi, ka duba wurin yankan da gilashi mai ƙara girma, ko ka kankare sili ɗaya da reza. In ka ga ja a ciki, shafe ne. In fari ne har tsakiya, to ka kusa samun zalla. Mayen ƙarfe ba zai taimake ka sosai ba, tunda ba ya kama azurfa, ba ya kama jan ƙarfe. Za ka kuma riƙa cin karo da haruffan OCC, wata dabarar zuba ƙarfe ce da Farfesa Atsumi Ohno na Japan ya fito da ita a shekarun 1980, tana fitar da waya mai dogayen ƙwayoyi a cikinta. Dabara ce ta gaske, amma ni ba zan saki waya mai kauri da laushin da nake so don na bi waɗannan haruffa ba.

Na uku shi ne kauri, kuma a nan ya kamata ka daɗe. Ana auna shi da lambar AWG, wadda take tafiya a juye: lamba na hawa, waya na sirancewa. Lamba 24 faɗinta wajen milimita 0.51 ne, 26 wajen 0.40, 28 kuma wajen 0.32. Duk hawa uku da ka yi, turjiya ta ninka. Ko mataki ɗaya ka sauko, turjiya na raguwa da kusan kashi 20 cikin 100, wato jan ƙarfe mai lamba 25 ya fi azurfa mai lamba 26 wuce da wuta. Wannan shi ne tarkon da masu sayen azurfa ke faɗawa: saboda tsadarta sai su ɗauki siririya, su ƙare da kebul da ya fi tsohon nasu turjiya.

Ga babban hedifon mai rufe kunne, lamba 24 ta yi daidai, 26 ma ta wadatar in kebul ɗin bai wuce mita 2 ba. Ga ƙananan iyafis masu shiga cikin kunne, 26 ce tsaka-tsaki, domin 24 tana da nauyi kuma ba ta kwanciya a bayan kunne. A kan waɗannan ƙananan ne kaɗai kebul yake iya taɓa sauti a fili, musamman masu lasifika da yawa a ciki, waɗanda turjiyarsu kan faɗi ƙasa da om 10 a wasu muryoyin. A irinsu siririyar waya mai om ɗaya ko biyu tana iya sauya daidaiton ƙara da zaƙin sauti. Maganin shi ne kauri. Kafin ka yanke shawara kuma ka leƙa ramin fulogin da za ka liƙa, ka ga ko waya huɗu da rigarsu za su shige.

Daga nan sai ginin wayar. Kada ka sayi mai sili ɗaya dunƙulalle don kebul da zai riƙa lanƙwasa kullum. Azurfa tana taurara duk lokacin da aka lanƙwasa ta, wata rana sai ta karye cikin riga ba ka gani ba. Nemi mai sili da yawa, 7 ko 19 ko fiye, ƙarin sili ƙarin laushi. Akwai kuma wadda ake kira Litz, wadda kowane sili yake da nasa siririn fenti. Ana tallarta da cewa tana hana wuta taruwa a bayan waya, alhali a sautin da kunne ke ji, har zuwa kilohaz 20, wutar tana ratsa kusan rabin milimita cikin ƙarfe, ta riga ta cika waya siririya irin wannan. Amfaninta na zahiri shi ne fentin yana hana iska taɓa azurfar, ba ta yin baƙi. Wahalarta kuma sai ka ƙone fentin nan da narkakkiyar dalma mai zafi sosai kafin ta kama. In wannan ne kebul ɗinka na farko, ka fara da wadda ba Litz ba.

Riga ita ce hannunka da wuyanka za su riƙa ji. Teflon, wani nau'in roba mai jure zafi, ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 327, don haka ƙarfen liƙi ba ya ɓata shi, amma yana da tauri, kuma duk gogar da ya yi da tufafi za ka ji ƙararta a kunne. Rigar PVC mai laushi ko ta silikon ta fi kwanciya da shiru, sai dai PVC tana ja da baya in ka daɗe da ƙarfe a kanta. Abu ɗaya da ba na so ka manta: farar wuta ce take baƙanta azurfa, tana cikin iska, tana kuma cikin wasu robobin. In rigar mai nuna ciki ce, ka rufe bakunanta da robar nan mai tsukewa da zafi, kada ka ɗaure kebul ɗin da robar ɗaurin kuɗi.

Saura tsawo. Waya huɗu kake buƙata, biyu hagu biyu dama, ko fulogin milimita 3.5 za ka sa ko na 4.4. Kitso yana cin tsawo, saboda haka don kebul mai mita 1.2 ka yanka kowace waya mita 1.5, jimla mita 6. In da hali ka fara sayen mita ɗaya ka gwada: ka fere, ka naɗe a yatsa ka ga ko tana miƙewa, ka liƙa bakinta. Dalmar liƙi mai lamba 63/37, wadda kashi 63 nata kuza ne, tana narkewa a digiri 183 kuma tana kama azurfa da kyau. Mai 62/36/2, wadda ke da azurfa kashi 2, ta fi dacewa da waya mai shafe, domin ba ta lashe shafen. Azurfa tana jan zafi da sauri, ka riƙe wayar da filaya, ka taɓa ka ɗaga cikin daƙiƙa biyu ko uku.

Kafin kitso ka sa wa kowace waya alama a bakuna biyu, tunda launinsu ɗaya ne. Bayan liƙi kuma kada ka soka kebul ɗin a na'ura sai ka bi kowace waya da mitar awon turjiya daga fulogi zuwa kunne, ka tabbatar hagu da dama turjiyarsu ɗaya, kuma babu biyun da suka taɓa juna in ba wayoyin dawowar wuta biyu da ake haɗawa wuri ɗaya a fulogin 3.5 ba.