Yadda za ka sa wayarka ta riƙa amsa wa masu ciniki ko kana kasuwa

Yayana yana da shagon taki da iri da maganin feshi a wani gari da ke kusa da Gumel, a Jigawa. Da ruwan farko ya sauka, wayarsa ta daina hutawa ke nan. Wannan ya tambayi kuɗin buhun kamfa, wancan ya ce ko yuriya ta iso, wani kuma daga ƙauye yana so ya ji ko shago a buɗe yake kafin ya hau acaɓa. Ranar Alhamis kuwa, idan ya tafi kasuwar Maigatari, saƙonni sai su taru har dare, kafin ya amsa mai tambaya ya riga ya saya a wani wuri. Abin da ya sa muka haɗa masa manhaja mai amsa saƙo da kanta ke nan, wadda masu fasaha ke kira catbot. Ni ina ɗaukarta kamar sabon yaron shago: ba ya gajiya, ba ya barci, amma bai san komai ba sai abin da maigida ya koya masa. Ga hanyar da muka bi. Za ta yi wa mai sayen riɗi da zoɓo amfani, haka ma uwargidan da ke sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli daga cikin gida.

Mataki na farko: littafi da biro

Kada ka fara da waya. Sami littafi, ka yi mako biyu kana rubuta duk tambayar da aka yi maka, a waya ko a bakin shago, kuma ka rubuta ta yadda mai ita ya faɗa. Wannan shi ne ginshiƙin aikin, kuma shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa.

Da muka yi haka, mun ga tambayoyin ba su da yawa, maimaici ne kawai: nawa ne, akwai ko babu, yaushe ake buɗewa, ana kai wa mutum gida, wace lambar asusu zan tura. Abin da ke da yawa shi ne salon rubutun. Wani ya rubuta «nawane», wani «nawa neh», wani ya ce «uriya», wani «yuriya», kuma kusan kowa «kudi» yake rubutawa saboda wayarsa ba ta da harafi mai ƙugiya. Duk ka tattara su, domin manhajar da ba ta gane rubutun mutanenka ba, ba ta da amfani a gare su.

Daga nan sai ka raba tambayoyin gida uku. Akwai waɗanda amsarsu ba ta canzawa, kamar inda shago yake da lokacin da ake rufewa don sallar Juma'a. Akwai masu canzawa kullum, wato farashi da kayan da suka rage. Na uku su ne waɗanda babu mai amsa su sai kai da bakinka: ragi, bashi, ƙorafi, da yawan maganin da za a zuba a injin feshi. Ka riƙe wannan rabon da kyau, za mu dawo kansa.

Mataki na biyu: layin shago daban

Sayi layi na kasuwanci kaɗai, ka sauke WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018 kuma kyauta ce. Cika sunan shago da lokutan aiki. A wurin adireshi ka yi kwatance irin namu, «bayan masallacin Juma'a, daura da tashar mota», don shi mutane ke ganewa. Sannan ka kunna kariyar da ke cikin saitunan WhatsApp ta lambar sirri mai lamba 6, kada ka ba kowa ita, ko da ya ce daga kamfani yake. Masu sace layi da wannan suke shiga su karɓi kuɗin jama'a da sunanka.

Mataki na uku: kayan aikin da ba a biya

A cikin saitunan manhajar akwai sashen kayan kasuwanci. Nan za ka rubuta saƙon maraba, wanda ke zuwa wa duk wanda ya yi maka magana a karon farko, ko wanda ya yi kwana 14 bai yi ba. Namu ga shi:

«Wa alaikumus salam, barka da zuwa. Wannan amsa ce ta manhajar shago, ba Alhaji ba ne da kansa. Duba jerin kaya da farashin yau a sama. Idan ciniki ne ko wata magana, bar saƙo, zai kira ka bayan la'asar in sha Allahu.»

Lura da abu biyu. An amsa sallama tukuna, domin Bahaushe ba ya shiga magana babu gaisuwa. An kuma faɗa masa gaskiya cewa na'ura ce. Dattijon da ya gama gaishe ka da tambayar iyali da ruwa, daga baya ya gano da waya yake ta hira, zai ji an raina shi, kuma yana da gaskiya.

Akwai saƙon da ke fita idan ba ka nan, wanda za ka saita wa lokaci, misali ranar kasuwa ko bayan isha'i. Akwai gajerun amsoshi da ake ajiyewa: ka danna alamar / ka zaɓi «asusu», lambar banki ta fito ba tare da ka sake rubutawa ba. Akwai kundin kaya mai ɗaukar har 500, kowanne da hoto da farashi. Ka ɗauki hoton ainihin buhun da ke shagonka, rubutun NPK 15-15-15 da nauyin kilo 50 su fito sarai, domin manomi da idonsa yake gane takinsa. Sai dai waɗannan saƙonni ba sa fita idan wayar ba ta kan intanet, saboda haka caji da data su ma jari ne. Mu da ƙaramar sola muka magance wannan.

Masu ƙananan shaguna da yawa nan ya kamata su tsaya, kuma ba gazawa ba ce. Idan saƙonninka ba su wuce abin da za ka iya bi da hannu ba, kada ka kashe kuɗi a kan mataki na biyar.

Mataki na huɗu: ka sa ƙirƙirarriyar basira ta taya ka rubutu

Tun da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT, manhajar da ake yi wa tambaya ta amsa kamar mutum, a watan Nuwamba na 2022, irin waɗannan manhajoji suka yawaita, har da Gemini ta Google da Meta AI. Za ka iya ba su tambayoyin littafinka ka ce su tsara maka gajerun amsoshi, ko su rubuta bayanin kaya. Amma ka san yadda suke aiki. Sun koyi jera kalmomi ne daga tarin rubuce-rubuce, suna hasashen kalmar da ta dace ta biyo baya. Rubutun Hausa da suka gani bai kai na Turanci ba ko kusa, shi ya sa Hausarsu takan fito a sandare, kuma idan ba su san abu ba sukan ƙirƙiro amsa su faɗe ta da ƙarfin gwiwa. Duk abin da suka rubuta, karanta wa wani babba a gida da baki. Inda ya ce «me?», gyara wurin.

Mataki na biyar: manhajar da ke hira da kanta

Wadda za ta karanta tambaya ta amsa daidai da ita tana buƙatar wani tsari na daban da Meta, mamallakiyar WhatsApp, ta tanada wa 'yan kasuwa, wanda ta buɗe wa kowa a 2022. Wannan a kan kwamfutocin kamfani yake gudana, ko wayarka ta mutu yana aiki. A nan kana buƙatar mai hannu a harkar. Ba sai ka je Legas ba, akwai matasan da suka karanta kwamfuta a Jami'ar Bayero, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da ta kimiyya da fasaha da ke Wudil. Sharaɗi ɗaya kada ka sassauta: layi da asusu da lambobin sirri duk su kasance da sunanka, ba da sunan wanda ya haɗa ba. Ka kuma tambaye shi kuɗin wata-wata tun farko. A wannan tsarin, idan mai ciniki ya yi maka magana kana da awa 24 ka amsa yadda kake so. Bayan nan sai da saƙon da Meta ta amince da tsarinsa, kuma akwai waɗanda ake biya.

Abu biyu za ka ba wanda zai haɗa maka manhajar. Na farko jadawalin farashi a Google Sheets, wanda kai za ka riƙa gyarawa daga wayarka, manhajar kuma ta riƙa ɗauka daga can. Na biyu umarni, a rubuce kamar yadda za ka gargaɗi yaron shago: amsa da Hausa, a taƙaice, cikin ladabi, kada ka faɗi farashin da ba ya cikin jadawali, abin da ba ka sani ba, ka ce za a haɗa shi da maigida.

A nan muka taɓa yin kuskuren da har yau yake damuna. Taki ya tashi, Yaya ya shiga hidimar sauke kaya, ba a gyara jadawali ba. Wani dattijo ya sa jikansa ya tambaya, aka ba shi tsohon farashi, ya ƙirga kuɗinsa daidai buhu biyu ya taho daga nesa da amalanke. Da ya ji sabon kuɗi sai ya yi shiru, ya kwance bakin aljihu ya sake ƙirgawa, ya ce, «Ɗana, ai wayarku ce ta faɗa.» Yaya ya ce, «Haka ne Baba, laifinmu ne,» ya sallama masa a yadda aka faɗa. Tun ranar, gyaran jadawali shi ne aikin farko bayan an buɗe shago, kuma duk farashin da manhaja ta bayar sai ta haɗa da ranar da aka sa shi.

Mataki na shida: ja mata layi

Mu koma ga gida na uku na tambayoyin nan. Maganin feshi guba ne. Kada ka yarda manhaja ta yi hasashen yawan da za a zuba, domin kuskure a nan yana iya ƙone gona ko ya taɓa lafiyar mai feshi da wanda zai ci amfanin. Ta ce a bi abin da ke jikin kwalba, a duba lambar NAFDAC, a tambayi malamin gona. Kada ta tabbatar da biyan kuɗi don an turo hoton rasit. Tun ƙarancin takardun naira a farkon 2023 taransifa ta shiga ƙauye sosai, alat na bogi ma ya biyo ta, saboda haka sai ka gani a asusunka kafin kaya su fita. Tayi da bashi kuwa sanayya ce. Kai ka san wanda ke biya da kaka, ka san wanda aka yi wa rasuwa bana.

Mataki na bakwai: gwaji da kula

Kafin ka sanar da jama'a, ba mutum biyar su gwada ta da gangan: mai rubutu a karkace, mai haɗa Hausa da Turanci, mai fushi, mai tambayar abin da ba ka sayarwa. Ka tuna da yawan manoma da murya suke aika saƙo. Irin waɗannan a tura maka su kai tsaye, kai ma ka amsa da murya.

Idan za ka yi talla, bi kalandar manomi: iri da kamfa a bakin damina, yuriya bayan shuka ta tashi, buhunan ajiya da kaka, kayan noman rani idan sanyi ya shigo. Jerin aika saƙo ga mutane da yawa yana ɗaukar 256, kuma sai wanda ya ajiye lambarka zai samu. Nemi izini kafin ka sa mutum, wanda ya ce a cire shi ka cire shi. Lambobin mutane amana ce, kuma dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023 ta shafi mai tara su. Kada ka sayar, kada ka zuba sunayen masu bashi a cikin wata manhajar hira.

Mu daren Alhamis muke zama, bayan Yaya ya dawo daga Maigatari. Mukan buɗe hirarrakin mako mu nemo wuraren da manhajar ta ce za a haɗa mutum da maigida. Tambayar da ta maimaitu sau uku, mu rubuta mata amsa mu ƙara. A zaman da ya wuce, mutum huɗu ne suka tambayi ko ana sayar da taki a kwano ga wanda bai iya sayen buhu ba. Washegari muka ƙara layin a jadawali, muka ajiye buhu ɗaya a buɗe a bakin ƙofa.