Yadda muke kula da dajin ƙungiyar mafarauta daga kaka zuwa damana

Ni ne mai kula da filin da ƙungiyarmu ta mafarauta take riƙe da shi a gabas da Tawa, bisa yardar hakimi da magajin gari. Baƙo in ya zo, zabin daji yake tambaya, da fakara, da zomo. Ni kuwa ciyawa nake fara nuna masa, don inda ciyawa ta ƙare zabo ba ya kwana.

Aikin shekara daga kaka yake tashi. Da zarar ruwa ya ɗauke, ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, a fitar da hanyar tsaida gobara tun ciyawa da sauran ɗanye-ɗanye. Mu faɗin mita 15 muke yi, a kewaye filin, sannan a tsaga wata ta tsakiya. A fi ƙarfafa gefen gabas da arewa, don ta nan iskar hunturu take kaɗowa. A kafce da hauya har ƙasa ta fito fili, a ja ciyawar da manjagara a kwashe ta nesa. Kar a tara ta a bakin hanyar. Wannan kuskuren ni na taɓa yi. Muka nome, muka bar tsibi-tsibi da niyyar amalanke ta zo bayan kasuwa. Kafin ta zo wuta ta taso daga wajen masu shayi, ta bi tsibin nan ta tsallaka kamar an yi mata gada. Da safe na tarar da gindin gamba yana hayaƙi, ga bushiya biyu sun ƙone a dunƙule. Shekarar nan ba mu ji kukan fakara a wannan kusurwa ba.

Ciyawar da aka kwashe, a ba makiyayan da ke kusa. Ka je ruga da kanka, ka gaisa, ka nuna musu iyaka, burtali kuma ka bar shi a buɗe. Su suke kwana a daji, su za su fara hango hayaƙi.

Lokacin ɗari shi ne na farauta, kuma ba ni da dogon bayani a kansa. Dokar ƙasa mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ita ce ta tsara farauta a Nijar, sai da takardar izini daga ma'aikatan gandun daji, a cikin lokacin da hukuma ta buɗe. Mu kuma muka ƙara namu: kashi ɗaya cikin uku na filin ba a shiga da bindiga ko kare, ana juya shi duk shekara. Barewa ba ma taɓa ta ko kaɗan.

Rani ne lokacin gyaran ƙasa, kuma nan ne 'yan ƙungiya suke ƙaranci, ga zafi ga aiki. Ƙasarmu ta Adar faƙo ce da tsakuwa, ruwa na sauka ya wuce. Abin da aka koya a Illela, da kuma Keita inda babban aikin farfaɗo da ƙasa ya fara a 1984, shi muke bi. A haƙa rabin wata, wato rami mai siffar rabin wata da ke tare ruwa, mai faɗin kamar mita 4, bakinsa na kallon tudu, ƙasar da aka fitar a jera ta baya a daddaɓe. Layi na biyu ya faɗa tsakanin ramukan na farko, yadda ruwan da ya kuɓuce wa wannan zai faɗa wancan. Hekta ɗaya tana cin ramuka wajen 313. Inda dutse ya yi yawa, a jera shi ya gitta gangare. A zuba taki kaɗan, in an yi ruwan shuka a watsa irin gamba da kyasuwa.

Itace kuma, ba sai an sayo dashe ba. Duba kututturen sabara, kalgo, magarya da aduwa, ka zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi, ka sare sauran da wuƙa mai kaifi, sara daga ƙasa zuwa sama don kar ɓawo ya tsage. Amma a nan na bambanta da manomi. Shi yana son gindi fes, ni ina barin wasu kurmin magarya da geza a cunkushe, ƙayar da muka sare ma mu tara ta wuri guda. Nan zomo yake ɓuya wa shaho.

Ruwan sha a bazara: rabin tano (ganga) biyu muke binnewa daidai da ƙasa, ƙarƙashin inuwa, da dutse a ciki don ƙananan tsuntsaye su samu wurin tsayawa. A wanke duk mako. Ba a yin kwanto a bakinsu, wanda ya yi ya bar ƙungiya.

Da damana a rataye bindiga, a ɗaure karnuka. Zabi suna ƙwai a cikin ciyawa, yara masu kiwo kuma sun san sheƙa fiye da mu, don haka iyayensu nake bi gida-gida ina roƙo. Bayan kowane ruwa mai ƙarfi a zagaya a toshe rabin watan da ya fashe. Garmani kuma a tumɓuke shi da saiwa kafin ya yi 'ya'ya, don in ya kama wuri ba ya barin ciyawar kirki ta tashi. Cikin Agusta nake sa samari wannan aiki, washegarin ruwa, ƙasa na da laushi.