Yadda ake tsara fastar fim ɗin ban tsoro na ɗalibai

Fim ɗin da ɗalibai ke yi a ƙarshen karatu, ko a ABU Zariya, ko a Jami'ar Bayero, ko a makarantar koyon fim ta ƙasa da ke Jos, ba shi da fitaccen jarumin da ganin fuskarsa kaɗai zai cika ɗakin kallo. Fasta ce za ta ɗauki wannan nauyin. Kuma a fim ɗin ban tsoro, fastar da ta fi aiki ita ce wadda ta ɓoye abin tsoron, ta bar mai kallo ya ƙarasa shi a zuciyarsa. Dalilin mai sauƙi ne: kwalliyar dodo da aka yi da ɗan kuɗin ɗalibai tana iya wucewa a bidiyo, inda take giftawa cikin duhu na daƙiƙa biyu, amma a hoton da ke manne a bango mutum zai tsaya ya ƙare mata kallo, ya ga hoda, ya ga jan launi, daga nan sai dariya.

Saboda haka kafin kowa ya kunna kwamfuta, ku zauna da darakta ku amsa tambaya ɗaya: mene ne abin da ake tsoro a labarin nan? Ku zaɓi abu guda da zai wakilce shi. A nan ne ya kamata ku daɗe, domin sauran aikin duk a kansa zai hau. Kada ku je aron ƙoƙon kai da jemagu da gidan Turawa mai hawa uku alhali an ɗauki fim ɗinku a lungu. Abin da ke tayar mana da tsikar jiki muna da shi a gida: tsohuwar rijiyar da aka rufe da langa-langa, gindin kuka ko tsamiya da magariba, kangon da yara ba sa bi ta gabansa, zauren da ƙofarsa take a buɗe kaɗan. A ce labarinku a kan yarinyar da ake kiran sunanta cikin dare ne. Ba sai an nuna mai kiran ba. Bayanta kawai, tana tsaye a tsakar gida da fitilar ƙwai a hannu, ta ɗan waiwaya, ga kuma inuwa biyu a bango alhali ita kaɗai ce. Wanda ya tashi yana jin manya na cewa kada a amsa kiran da ba a san mai shi ba da dare, shi zai ƙarasa sauran.

Sai ɗaukar hoton. Ku ɗauke shi a ranar ɗaukar fim, jaruma tana cikin kayanta, wurin yana nan yadda aka shirya shi. Yanko hoto daga cikin bidiyo ba ya ɓullewa, domin bidiyo mai ɗigo 1920 da 1080 bai kai abin da takarda ke buƙata ba. Fasta mai girman A3, wato milimita 297 da 420, tana son hoto mai ɗigo 3508 da 4961 idan za a buga ta a kan dpi 300, wato ɗigo 300 a kowane inci. Ku tsayar da kyamarar ko wayar a tsaye, ba a kwance ba, ku yi amfani da haske guda ɗaya tak, daga gefe ko daga ƙasa, tocila ma ta isa. Ku bar fili mai yawa a sama ko a ƙasa inda rubutu zai zauna. Ku ɗauka da yawa, zaɓi sai an koma gida.

Akwai abin da ake mantawa da shi: ku nemi yardar wanda fuskarsa za ta fito. Yarinyar da aka manna hotonta a matsayin mayya tana iya wayar gari sunan ya bi ta har unguwarsu. Wannan ma wani dalili ne na fifita baya, ko inuwa, ko hannu kawai. Haka kuma kada a sa ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a jikin fasta ko da fim ɗin na maganar ruƙiyya ne, don fasta ƙarshenta ta yage ta faɗi ƙasa a tattake ta.

Manhajar da za ku yi aiki da ita ba abin dogon tunani ba ce. Photoshop, CorelDRAW, GIMP da ake samu kyauta, ko Canva a waya, duk wadda kuka iya. Launi kada ya wuce uku: baƙi, da wani launi mai sanyi kamar shuɗi ko toka-toka, sai ɗigon ja ko ruwan ɗorawa a wuri ɗaya da kuke son ido ya fara sauka.

Rubutun sunan fim shi ne wuri na biyu da ya cancanci ɓata lokaci. Haruffan nan masu ɗigar jini da ake saukewa daga intanet kowa ya gaji da su, da yawansu ba su da ƙ da ɗ da ɓ, wasu kuma an ba da su ne don amfanin kai kawai, ban da talla. Idan sunan fim ɗinku yana da harafi mai lanƙwasa, ku gwada tun da wuri, kada “ƙofa” ta koma “kofa” ko harafin ya fito da wata siffa dabam da 'yan'uwansa. Abin da na fi so shi ne a rubuta sunan da hannu: gawayi a kan farar takarda, ko tawada da alƙalamin kara, a ɗauki hotonsa a ɗora. Babu fastar da za ta yi kama da taku. Ƙananan rubutu kuwa a yi su da haruffa masu sauƙin karantawa irin Noto Sans, wanda yake da haruffan Hausa duka. Jimlar jan hankali ta zama gajera, kalma shida ko bakwai, misali: “Idan an kira ki, kada ki amsa.”

A ƙasan fasta sai sunayen darakta, marubuci, mai ɗaukar hoto da 'yan wasa, a ƙanana, tare da sunan sashe. Kowa ya duba sunansa da idonsa. Rana, lokaci da wurin haskawa su fito ɓaro-ɓaro. Idan fim ɗin zai fita daga harabar makaranta zuwa bainar jama'a, ku tambayi malaminku batun Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, wadda ke sa wa fim matakin shekaru irin 15 ko 18, da kuma ta Jihar Kano idan a can za a haska.

Daga nan ku rage fastar a fuskar waya ta koma kamar girman ɗan yatsa. In ba a karanta sunan, ku ƙara masa girma. Ku tura wa wanda bai san labarin ba, ku tambaye shi wane irin fim ne wannan. Idan ya ce na soyayya ne, ku koma kan hoton.

Wajen bugawa ne fastar ban tsoro ta fi lalacewa. Fuskar kwamfuta haske take fitarwa da tsarin launi na RGB, injin bugu kuwa tawada yake zubawa da tsarin CMYK, don haka duhu yakan ƙaru a takarda, inuwar da kuka sha wahala a kanta ta nutse. Ku ɗan ƙara hasken wuraren duhu kafin ku kai. Ku bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, ku janye rubutu daga baki, ku ajiye aikin a PDF. Ku biya a buga muku guda ɗaya tukuna, ku fita da ita rana ku duba, sannan ku ba da umarnin sauran. Na WhatsApp da Instagram kuma a sake tsara su dabam, 1080 da 1920 na status, 1080 da 1350 na shafi, a bar su a RGB, a cire dogon jerin sunaye, a bar hoto da suna da ranar haskawa.