Ba duk fashi a kan ruwa ne fashin teku ba

Kuskuren da aka fi tafkawa shi ne, da zarar an ji an kai wa jirgin ruwa hari sai a ce fashin teku ne. Dokar ƙasa da ƙasa ba ta kallonsa haka. Yarjejeniyar Dokar Teku ta 1982, wadda aka rattaba wa hannu a Jamaika, ta gindaya sharuɗɗa a sashe na 101, kuma yawancinsu gado ne daga yarjejeniyar Janiba ta 1958.

Fara da tambayar wuri. Idan abin ya faru cikin mil 12 daga gaɓar wata ƙasa (mil na teku, mai tsawon mita 1,852), ruwanta ne, laifin fashi da makami ne ba fashin teku ba, kotunanta ke da hurumi. Wannan iyaka ce 'yan fashin Somaliya suka riƙa fakewa da ita, har Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri na 1816 a 2008, wanda ya ba jiragen yaƙin waje izinin bin su cikin ruwan ƙasar da yardar gwamnatin riƙon ƙwarya.

Sannan a ƙirga jiragen, dole su kai biyu: na maharan da wanda aka kai wa hari. Waɗanda suka ƙwace jirgin Achille Lauro a 1985 a matsayin fasinja suka shiga, kuma manufar siyasa ta kai su, alhali dokar na maganar biyan buƙatar kai. Giɓin da hakan ya fallasa ne ya haifi yarjejeniyar Roma ta 1988, wadda ta tanadi hukunta irin wannan hari a kan jiragen ruwa.

Masu karatun tarihi kuma kan kira Francis Drake, matuƙin jirgin ruwa ɗan Ingila da ya riƙa washe jiragen Sifaniya, ɗan fashi kawai. Sifaniyawa haka suka ɗauke shi, amma Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta Ingila sarauta ta ba shi a 1581. A wancan zamani gwamnatoci kan ba masu jiragen kansu takardar izinin washe abokan gaba, sai Sanarwar Faris ta 1856 ta soke wannan al'ada, ko da yake Amurka ba ta sa hannu ba.

Wanda ya fi damuna shi ne zaton da ake yi cewa duk ɗan fashin da aka kama sai ya gurfana. Sashe na 105 na Yarjejeniyar Dokar Teku dama kawai ya ba kowace ƙasa ta kama kuma ta hukunta, bai tilasta mata ba. Ƙasar da ba ta sanya laifin a dokarta ta cikin gida ba, kotunta ba ta da abin riƙewa. Shi ya sa aka sha kama mutane a gaɓar Somaliya, a ƙwace makamansu a sallame su, ma'aikatan jirgin da suka sha uƙuba a hannunsu kuwa ba su ga shari'a ba.