Yadda za ka gane ko kamfanin waya ne ke shaƙe maka intanet

A nan Maradi kowa na da labarin yadda kamfaninsa ke rage masa gudun intanet da gangan. In ka nemi hujja, sai a ce maka ai jiya da dare bidiyo ya tsaya yana ta juyi. Mai yiwuwa gaskiya ne, amma da wannan kaɗai ko ma'aikacin ofishinsu ba zai ɗago kai ya dube ka ba. Rezo na iya yin nauyi don mutane sun yi wa eriya ɗaya yawa, ko an ɗauke wuta eriyar ta koma kan batir, ko salularka ce ta cika. Shaƙewa kuwa ita ce kamfani ya ware wani abu, bidiyo ko kiran WhatsApp, ya rage masa gudu shi kaɗai, ko ya rage maka komai bayan ka ci wani adadi. Aikinmu shi ne raba waɗannan biyu.

Fara da karanta sharaɗin forfen da ka saya. Wanda aka ce ba shi da iyaka kusan kullum yana da ita a ƙananan rubutu: in ka kai adadi kaza, gudun zai sauka har wa'adin ya ƙare. Haka na dare yana da awanninsa, na WhatsApp da Facebook kuma ba ya buɗe wani shafi. Ko Airtel kake, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecoms, ka danna lambar duba saura ka ɗauki hoton saƙon. In sharaɗin ya faɗi ragin tun farko, ba ɓoye maka aka yi ba, ka tsaya nan ka huta da ɓarnar mega.

Sai ka gyara salular. Kashe tsarin tsimin data, rufe duk abin da ke sauka a bayan fage, cire ƙannenka daga kan wifin da ka raba musu. Ka tabbata 4G ne rubuce a sama. Masu zuwa Dan Issa da bakin iyaka su lura kada layin ya tsallaka ya kama na Najeriya.

Yanzu kayan awo. Biyu nake sa kowa ya yi amfani da su tare: Speedtest na Ookla da shafin Fast.com. Na biyun na kamfanin Netflix ne, daga na'urorinsu na bidiyo yake jawo awon, shi ya sa kamfanin da ke rage wa bidiyo gudu yakan fallasa a nan. Ka sani awo na cin mega sosai, in gudun na da kyau guda ɗaya na iya lashe gommai. Kada ka yi da forfen dala ashirin. Sayi na jika ɗaya ko fiye, ka ware shi don wannan aiki.

A nan ne kusan kowa ke faɗuwa. Yaro zai auna da hantsi a harabar Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ya sake aunawa bayan isha'i cikin ɗakinsa mai rufin kwano a unguwar Zariya, ya ga bambanci, ya hau Facebook yana cewa ya kama ɓarawo. Bai kama kowa ba. Ya sauya wuri, ya sauya eriya, ya sauya lokaci, kuma daga magariba zuwa sha ɗayan dare gari duka na kan waya. Kamar ka auna gero da tiya biyu daban ne ka ce mai awo ya cuce ka. Doka ita ce abu ɗaya tak ake sauyawa, sauran duka su zauna yadda suke.

Ga yadda ake yi. Zauna wuri ɗaya, ajiye salular a kan tebur ko taga, kada ka riƙe ta a hannu kana juyawa. Auna da Speedtest, rubuta. Nan take, kafin minti biyu su wuce, auna da Fast.com, rubuta. Kunna VPN, manhajar da ke ɓoye wa kamfani abin da kake buɗewa, sake yin duka biyun, rubuta. Kashe shi, maimaita. A takarda za ka rubuta, da rana da awa, ban yarda da "ina tunawa" ba. Ka yi haka da asuba lokacin da layi ke sake, da azahar, da kuma dare, har tsawon ƴan kwanaki.

Amfanin VPN shi ne yana lulluɓe abin da kake yi, kamfani ba ya iya gane bidiyo ne ko saƙo. To in Fast.com kullum yana makale a ƙaramin adadi ɗaya, asuba da dare, alhali Speedtest na sama, sannan da ka kunna VPN ya yi tsalle, wannan alama ce mai ƙarfi. Adadin da ba ya motsi shi ne abin dubawa, domin cunkoso hawa da sauka yake yi. In kuwa da VPN gudun ya ƙara raguwa, ba ka tabbatar da komai ba, na kyauta da yawa su kansu nauyi gare su. Ni Proton ko 1.1.1.1 na Cloudflare nake cewa a saka, a bar tarkacen nan masu talla kowane minti. Kuma kada ka kunna VPN a kan forfen WhatsApp kaɗai: ko ya ƙi tafiya, ko ya koma yana cin kiredinka.

Mai son taƙaita wahala ya sauke Wehe, manhajar da masu bincike na Jami'ar Northeastern a Amurka suka yi. Tana aika bayanai masu kama da na YouTube, ta sake aika su a hargitse yadda ba a gane su, ta gwada gudun biyun. Ita ma tana shan mega.

Da gwaji aka kama kamfanin intanet na Comcast a Amurka a 2007 yana katse masu amfani da BitTorrent, wata hanyar musayar fayiloli, kuma wannan ya taimaka wajen hura rigimar ko dole ne kamfani ya ɗauki duk abin da ke bi ta layinsa daidai wa daida. FCC, hukumar sadarwa ta Amurka, ta kafa ƙa'idar a 2015, aka soke a 2017, aka maido a 2024, kotu ta rushe ta a Janairun 2025. Indiya kuwa a 2016 ta hana sa farashi daban gwargwadon shafin da mutum zai buɗe, abin da ya kori Free Basics, shirin Facebook mai buɗe wasu shafuka kaɗai kyauta. Kamfanoni na cewa bidiyo ne ke cushe layi, dole su saita. A lokacin cunkoso ina ba su gaskiya, da asuba ban ba su ba. Forfen WhatsApp kuma na san yana rufa wa mai tallar atamfa asiri, sai dai ɗan garin nan da ya buɗe shafinsa na kasuwanci ba shi da irin wannan rangwame.

In takardarka ta nuna alama, sa layin wani kamfani a salular nan, a wurin nan, ka maimaita. Sannan ka kai ƙorafi ofishin kamfaninka a rubuce, da hotunan awon, ka karɓi shaidar sun karɓa. In sun yi shiru, sai ARCEP, hukumar da ke sa ido kan sadarwa a Nijar. Ku haɗu ku biyar ko goma daga unguwanni daban, kowa da takardarsa, ya fi a saurare ku.