Yadda Ake Gano Abin da Ke Sa Wili Ɗaukar Zafi Bayan Gyaran Birki

Da zarar mai mota ya dawo yana cewa wili na ɗaukar zafi tun da aka canja masa takalmin birki, sai ka ji yaran gareji sun ce boris ne, wato ƙarfen da wili ke juyawa a kansa. Ba da boris ake farawa ba. Motar lafiyarta ƙalau kafin a taɓa birki, don haka a birkin za a nemi ciwon.

Tuƙa ta kamar kilomita 5 ba tare da yawan taka birki ba, sannan ka tsaya ka kusantar da bayan hannunka ga kowane wili. Kar ka taɓa farantin birkin, zai saɓule maka fata, kar kuma ka watsa masa ruwa, yana iya karkacewa. So kake ka san ƙafa ɗaya ce ke zafi, ko biyu, ko duka huɗun.

In ɗaya ce, ɗaga ta da jak tun tana da zafi, ka juya tayar da hannu. In ta cije, sa sifana ka ɗan sassauta notin fitar da iska da ke jikin kalifa, wato ƙarfen da ke matse takalmin birki a jikin faranti. Nan duk aikin yake. Idan man birki ya yi tsartuwa, tayar kuma ta saki nan take, man ne ya maƙale bai koma ba, kuma galibi tiyon da ke kai mai ga kalifa ne. Robar cikinsa ce ta lalace: tana barin mai ya wuce in an taka, ta hana shi dawowa. A waje sumul za ka gan shi. Na taɓa canja wa wani bawan Allah kalifa sukutum a Corolla, washegari ya dawo gaban motar na ƙauri. Tiyon ne, kuma ni na kashe shi, domin na bar kalifar tana reto a jikinsa lokacin da nake aiki. Kuɗin mutumin da suka tafi a banza har yau suna damuna. Tun daga ranar, da wayar ƙarfe nake rataye kalifa, kuma ba na barin kowa ya matse tiyo da filaya.

Idan ka sassauta notin tayar ba ta saki ba, kalifar ce. Zare ƙarafan nan biyu da take zamewa a kansu, ka goge tsatsa, ka shafa giris na silikon. Ya fi tsada, amma giris ɗin da aka saba yana kumbura roba. In fistin da ke cikin kalifa, wanda ke tura takalmin birki, ya ƙi komawa ciki, shi ma ya kama.

Ƙafafun gaba biyu ko duka huɗun kuwa, leƙa kofin man birki. Mayar da fistin yana turo mai sama, in kofin ya cika maƙil ka rage. Tambayi wane mai aka zuba: DOT 3 ko DOT 4 da aka rubuta a murfi ake so, man giya yana kumbura robobin masta, wato famfon da ke tura man birki in an taka. In ƙafafun baya ne kaɗai ke zafi, an ɗaure birkin hannu da yawa, sassauta shi. Sai duk wannan ya wuce za ka girgiza tayar ka saurari ƙugin boris.